Wanda Ya Binne Saminu

Limamin ya ture ƙwaryar goro gefe. "Ba zan ɗaura auren nan ba. Matar wani ce, sai shaidu biyu sun tabbatar mijinta ya rasu."

Daga bayan zaure Haulatu, wadda za a ɗaura wa auren, tana saurare. Tun da mijinta Saminu ya ƙetare iyakar Kongolam ya nufi Libiya, mutum ɗaya ne ya dawo da labarinsa.

Mutumin ya miƙe. "Allah gafarta Malam, da hannuna na binne shi a sahara."

"Kai ne angon, Sabiru. Mai nema ba ya yi wa kansa shaida."

Sabiru ya dubi Liman. "To, na janye. A karɓi shaidata, ko ta samu ta auri wani."

Liman ya gyaɗa kai. "Na karɓa. Saura ɗaya."