Randa Mai Tsaga da Layin Kyauta

Wata maginiyar tukwane ba ta taɓa mance ranar da ta fara ganinsa ba. Ranar kasuwa ce, ta jera randunanta a gindin ɗorawa, sai ga wani mai haƙar rijiyar burtsatse, jar ƙasa har a girarsa, yana neman randar da ma'aikatansa za su riƙa shan ruwa. Ya durƙusa yana ƙwanƙwasa su da bayan yatsa yana kasa kunne, har ya zo kan wata da ta amsa masa a dishe. Maginiya ta ce wannan tana da 'yar tsaga, in yana so ya ɗauka kyauta. Ya yi murmushi ya ce, "Haba Malama, ni da nake fasa dutse kafin in ga ruwa, in zuba shi inda zai tsiyaye?" Ya biya kuɗin mai lafiya ya tafi. Kasuwa ta zagayo ya dawo ya sayi tulun da ba ya buƙata, wata kasuwar kuma ya sayi kasko, har ƙawayenta suka fara tambayarta ko bawan Allahn nan gara yake haɗawa. Kafin ruwa ya sauka magabatansa suka kawo goro. Sai aiki ya ɗauke shi zuwa wata ƙasa mai nisa, aka bar magana a kan in ya dawo za a ɗaura.

A garin akwai wani ofishi bayan tasha wanda intanet ɗinsa ke tsallako katanga, duk mai waya ya zo ya kama kyauta. Akwai kuma wani shago da ake sayar da ɗan akwatin intanet, a ajiye a ɗaki a riƙa biya duk wata. Maginiya ta ce a ranta, abin da ake samu a banza me zai sa ta saya, ga kayan ɗaki suna jiranta? Don haka kullum bayan azahar sai ta bar yumɓu a rumfar da take gini, ta ratsa gari a ƙafa, ta tsaya jikin katangar nan cikin 'yan acaɓa da 'yan makaranta, kowa ya ɗaga wayarsa sama. Wurin ya zama kamar rijiyar unguwa a tsakiyar bazara, guga ya fi ruwa yawa. In ta kira shi ta yi sa'a fuskarsa ta fito a wayar, sai hoton ya daskare baki buɗe, muryarsa ta zo gutsi-gutsi kamar tsingaro. Za ta ji ya ce, "Jiya na tuna da," shi ke nan layi ya yanke, ta koma gida tana saƙe-saƙen abin da ya tuna. Wata rana an ɗauke wuta, wata rana an sauya lambar sirri. Ko layin ya kama, abin da ke bakinta ba na faɗa a gaban 'yan acaɓa ba ne, sai ta ce lafiya lau, ya aiki, ya zafi. In ta dawo gida ta tarar yumɓun da ta bari ya sha iska ya dare. Shi kuwa can, abin da yake samu daga wurinta gajeriyar gaisuwa ce da dogon shiru. Ran nan wani saƙon murya da ya kwana biyu a hanya ya sauka. Ta kara wayar a kunne ta ji ya ce, "An ce mu ƙara shekara a nan, ban ba su amsa ba. Idan jiran ya ishe ki, ki faɗa mini, ba zan riƙe ki ba."

Ta koma gida ta zauna cikin tukwanen da suka dare. Ta kai yatsa ta ƙwanƙwasa ɗaya, ta amsa mata a dishe, daidai da muryarsa a jikin katangar nan. Akwai wata randa da ta gina don ɗakinsu, ta zana mata ado a wuya, ta ɓoye a lungu ba ta bari kowa ya taya. Washegari ta ɗora ta a ka. Mahaifiyarta ta ce, "Ke, randar ɗakin naki za ki kai kasuwa?" Ta ce, "Inna, yumɓu bai ƙare a kududdufi ba." Ta sayar, ta haɗa da abin da ke ƙullinta, ta sayo akwatin.

Da la'asar ta kira shi daga rumfarta, hannunta da danshin ƙasa, ba kowa kusa sai kaji. Muryarsa ta zo ɗungurungum, har da 'yar gyaran muryar da yake yi kafin ya yi magana, har da kukan injin haƙa a bayansa. Shi ma ya ji numfashinta bai yanke ba. Can ta ce, "Malam, ban gaji ba. Ka ce musu gida za ka zo. Na yi maka alkawari ina nan ina jiranka, kuma ba zan ƙara zuba maganarmu a abin da ke tsiyaya ba."

Gaskiyar Hausawa ne da suka ce banza ba ta kai zomo kasuwa.