Wutar da Ta Ci Dilshada

"Rubuta mini cewa mijinta ne ya ƙone ta!" Saja ta daki teburin likita. "Kotu zan kai Gulzar, mijin nata. Da idona na ga gyambon a cikinta ranar da na yi mata wankan gawa."

Kwana arba'in ke nan da binne 'yarta Dilshada, kuma har yau in ta rufe ido, gyambon nan take gani.

Likitan ya juyo mata da fuskar na'urar ɗaukar hoto, ya kira ta Moji, wato uwa a yarensu. "Moji, zauna. Wannan hoton mun ɗauke shi tana da rai. Na'urar tana leƙa ƙarƙashin fata. Cutar kansa ce, ciwon daji."

"Kai da gemunka bai gama fitowa ba, ni za ka koya wa ƙuna?"

"Wuta ce ta jawo ta, ban musa ba. Amma ba wutar rana ɗaya ba ce. Kin ga wannan zane kamar raga? Fata ba ta yin haka sai ta shekara ashirin tana gasuwa a hankali. Yaushe aka yi auren?"

"Shekara uku ke nan."

"To tun tana ƙarama take rungumar kangri, kaskon garwashin nan, a cikin riga, manne da fata."

Saja ta tuno lokacin da Dilshada take ƙarama. Ta ga kanta da safiyar hunturu tana tsinto garwashin da ya fi ja tana cika kangri, tana tura wa yarinyar cikin riga, yarinyar tana noƙewa.

"Moji, da zafi."

"Matse shi da kyau, kar sanyi ya kashe mini ke."