Jan Rubutun da Aka Rufe wa Baki

Tunda daga yau kai za ka riƙe makullin ɗakin kwamfutocin nan, zauna in ba ka wani misali.

An yi wani mutum mai kula da kwamfutoci a wata cibiyar binciken iri da ke bayan gari. Mutum ne mai sanyin hali, ya san aikinsa, sai dai ba ya son abin da zai haɗa shi hayaniya da kowa. A hannunsa babbar kwamfutar wasiƙu take, wadda imel ɗin duk ma'aikata ke sauka a cikinta. Kowace Juma'a takan kwafe rumbun wasiƙun kaf ta zuba a wani faifan ajiya, saboda ko-ta-kwana. Kwafi takwas kaɗai faifan ke ɗauka, in na tara ya shigo sai mafi tsufa ya fita. Wata Litinin, bayan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki kuma janareto ya yi gardama, sai ya tarar da jan rubutu a kan allo, wai kwafin wannan mako bai kammala ba. Ya sake gwadawa, abin ya tsaya cak a wuri guda. Ya canza waya, ya duba ko faifan ne ya cika, duk ba nan take ba. Sai da ya bi bayanan na'urar layi-layi sannan ya gano cewa wani ɗan yanki na rumbun ne ya lalace, kamar buhun gero da danshi ya taɓa ta gindi. Ya san maganin sarai: a dakatar da wasiƙu yini guda, a ɗebe ɓarnar, a cike gurbin daga tsohon kwafi mai lafiya. Amma lokacin rabon iri ne, damina na bisa kai, wasiƙu na shiga suna fita babu ƙaƙƙautawa, ga shugaban cibiyar mai saurin hawa. Ya taka har ƙofar ofishinsa, ya jiyo shi yana surfa wa wani faɗa, sai ya juyo sumui-sumui. Ya nemo wurin da ake umartar na'urar ta tsallake duk abin da ta kasa karantawa, ya danna. Jan rubutu ya koma kore. Ya ce a ransa in an gama rabon iri zai gyara. Aka gama rabo, aka yi shuka, aka yi noma, hatsi ya shiga rumbu, kowace Juma'a kore yake gani, har shi da ya ƙirƙiro koren ya fara yarda da shi.

Ana nan sai wata dattijuwa mai kula da ɗakin adana iri ta yi masa sallama. Saura mako biyu ta ajiye aiki, za a rufe akwatin wasiƙunta. Tana da 'ya guda da ta tafi karatun jinya wata ƙasa mai nisa, kuma shekara huɗu ba ta fasa rubuto mata wasiƙa duk mako ba, zuwa adireshin imel na ofis, don uwar ba ta da wani. Bara Allah ya karɓi ran yarinyar a can. Tun daga ranar uwar ba ta iya buɗe ko ɗaya ba, yanzu ne take so a buga mata su a takarda ta tafi da su gida. Ya ce mata ai wannan mai sauƙi ne. Ya buɗe akwatin, ga sunan yarinyar jere reras, ga ranaku, amma duk wadda ya taɓa sai ta buɗe fayau, ko ta fito da tarkacen alamomi marasa ma'ana. Ashe ɓarnar ba ta tsaya inda ya bar ta ba, ta yi ta ci a hankali. Ya koma kan faifan ajiya ya bi kwafi takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, duk bayan ɓarnar aka ɗauke su, na ƙarshe mai lafiya ya fita tun gero bai yi kai ba. Ranar ya shiga wurin shugaba ba tare da ya tsaya sauraron ƙofa ba, ya roƙi a dakatar da wasiƙu yini guda. Shugaban ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, “Yini ɗaya kacal? Je ka yi.” Kwana uku ya yi yana tonon rumbun. Cikin wasiƙu sama da ɗari biyu, huɗu ya ceto, ta huɗun ma ta yanke a tsakiyar magana, daidai inda yarinyar ke tambayar ko an gyara rufin ɗakin uwar kafin ruwa. Ya buga su ya kai mata. Da ya so, da ya ɗora wa ɗaukewar wuta laifi, kuma da ta yarda. Amma ya tsaya ya faɗa mata yadda aka yi, tun daga jan rubutun har juyowarsa daga ƙofa. Ta daɗe tana shafa takardun da tafin hannu, kamar mai lallashin jariri, sannan ta ce, “Huɗun ma na gode, ɗana. Allah ya kiyaye gaba.” Ta naɗe su a gefen mayafi ta fita. Ya so a ce zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙin ɗauka. Ya ci gaba da aiki a wurin shekaru masu yawa, bai ƙara tsallake gargaɗi ko ɗaya ba, amma bai taɓa iya wucewa ta gaban ɗakin adana iri bai sunkuyar da kai ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.