Abin da Na'urar Malam Wali Ta Ji

Alƙalamin na'urar ya sake zabura, ya ja dogon zane a kan takarda, karo na tara ke nan tun safe. Malam Wali ya hure 'yar ƙurar siminti da ta sauka a kan zanen, ya duba agogo.

Malamin kimiyya ne, irin mutanen nan da idan suka kafa ido a sama ko kunama ba sa gani a ƙasa. Shekara biyu shi da abokinsa Boniface suna harhaɗa na'urori biyu, kowacce dunƙulen alminiyam ce rataye da wayar ƙarfe, don su ji girgizar da masana suka ce tana ratsa duniya idan wani babban tauraro ya fashe. Ɗaya tana shagon Boniface a Sabon Gari. Ɗayar tana ƙasan benen da Wali yake haya a Fagge, gini ne da aka tayar cikin wata huɗu da kuɗin fetur suka fara ambaliya. A jikin ginshiƙin tsakiya ya rataye ta.

Wata shida alƙalamin ko motsi, sai ranar Litinin ya zabura sau ɗaya. Talata sau uku. Yau Alhamis, tazarar sai raguwa take yi.

Wali ya yi lissafi, ya sake yi, kuma abin da ya samu ya tsorata shi ƙwarai. Girgiza mai wannan ƙarfi, ai tauraron kusa yake. Idan ya ƙarasa fashewa, haskensa zai ƙone duk wanda ya tarar a fili.

Ya hau sama da gudu. Matarsa Ummakulsum tana goye da 'yarsu tana shara, tana mita.

"Malam, sau uku ke nan ina share yashin nan. Ƙofa ma ta fara cijewa."

"Bar sharar. Ko me kika ji kada ki fito, ki zauna ƙarƙashin rufi har in dawo."

Ya san halinta da leƙe, don haka ya ja ƙofar da ƙarfi, ya datse da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.

Da ya isa Sabon Gari a kan babur, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Boniface ya warware masa takardun tasa na'urar na kwana huɗu a kan tebur. Layi ne miƙe ɗoɗar, ko ɗigo babu.

"Taka ta lalace," in ji Wali.

"Lafiyarta lau, Malam. Ai kai ka koya min: abin da ya zo daga sama, dole su biyun su ji shi tare. In ɗaya ce kawai ta ji, to abin yana jikin inda aka rataye ta."

Wali ya sa hannu a aljihu, ya taɓa makullin. Kwana huɗu ke nan na'urarsa tana sauraron ginshiƙin gidansa yana tsagewa.