Sorin da Na Ce wa Umma

Ina ɗan shekara tara, a gidanmu na unguwar Harra ta Gabas, can ƙasa mai tsarki, Umma ta ji ina gaya wa abokaina Larabawa wai ita 'yar aikinmu ce, don kawai ta yi mini Hausa a gabansu.

Bayan la'asar Baba, wanda malamin Turanci ne, ya tsare ni a gabanta. Na ce, "To, sori," idona yana kan ƙofa.

Ya ce, "A tsohon Turanci, kalmar nan ciwo take nufi, irin na miki. Nuna mini inda yake maka ciwo."

Na rasa inda zan nuna. Umma ta ce, "Malam, ƙyale shi, yaro ne."

Yanzu na san wurin sarai. Sai dai Umma tana kwance a maƙabartar Baƙi'a.