Muryar Sahabi a Jami'a

Hamdiyya, ke da malaminki kun cuce ni, kuma ban yafe ba.

Ɗiyata ce ke, ta cikina. Kinka ɗauko ni daga Illela har jami'a a Sakkwato, wai in ga taron da za ki gabatar da bincikenki na kwamfuta. Na zauna layin gaba, ko kalma guda ta Turancinku ban ji.

Sai kinka latsa na'ura, muryar yayanki Sahabi ta cika ɗakin: "Inna, kin tashi lafiya?" Ita ce muryar da kike kunna mini a waya duk Juma'a tun da ya tafi Agadas neman aiki, kina ce mini saƙonshi ne. Na miƙe na ce, "Lafiya lau, ɗan albarka! Yaushe za ka taho gida?"

Ɗaki ya kaure da tafi, malaminki har da nuna ni.

Na tambayi matar da ke kusa da ni, "Mi suke ma tafi?"

Ta ce, "Hajiya, wai ko uwar mamacin ba ta gane na'ura ce ke magana ba."

A bakin ƙofa kinka ce mini tun bara ya rasu cikin sahara, wai tausayina ya sa kinka ɓoye. Ban yi mai sadaka ba. Matarshi Humaira ba ta yi takaba ba, jiya ma lalle ta ƙunsa tana jiran shi.

Kin koma ciki kin bar ni nan bakin ƙofa. Ku fito, ke da malamin naki. Wa zai gaya ma Humaira? Wa zai amsa wannan gaban Allah?