Koren Rawanin Ango

Saura kaɗan a fara biki a birnin Pune na Indiya, Tejas ya ji cewa amaryarsa Mrunal ta sauya kaya zuwa koren sari, zanen matan Indiya, alhali rawaninsa ja ne. Yana ta zufa sai wata dattijuwa ta shigo ɗakinsa riƙe da koren yadi.

"Sunkuyo, ɗana. Haka za ka tsaya kusa da ita kamar baƙo?"

Ta naɗa masa shi a kai da hannuwa masu sanyi ƙalau, ta fice.

A wurin ɗaurin aure Mrunal ta ɗago kai ta ga rawanin, furannin hannunta suka zube.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Wata gwaggonki mana. Bai dace ba?"

Ta ce, "Sarin auren mahaifiyata ne. A cikinsa muka ƙona gawarta bara."